Wanka a Ƙarƙashin Mayafi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallami Baba daga asibiti. Maza huɗu ne suka ɗauko shi daga mota zuwa ɗaki, mutumin da ko jakar hannunsa bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ba. Ɓarin hagu ya shanye tun daga kafaɗa har ƙafa. Bakin ya karkace, amma magana tana fita, kalma biyu ko uku, in mutum ya kasa kunne. Hannun dama kuwa lafiyarsa ƙalau.

Na rufe shagon ɗinki, na kawo keken ɗinkin na ajiye a falo. Maigidana yana kan hanya da babbar mota, sai wata mai zuwa. Yaya ya ce aiki ya riƙe shi a can, zai zo da zarar ya samu sarari. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso da ƙullin kayanta da ciwon gwiwarta. Jinya dai a kaina take, ni auta.

Da za mu fito likita ya ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a yi masa wanka kullum, a riƙa duba bayansa da kyau. Na ce to.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kafintan cocinmu ne ke zuwa da safe ya yi masa wanka ya canza masa kunzugu. Ni nawa dafa ruwa, in ajiye bokiti a bakin ƙofa, in koma falo. Shekara talatin da ɗaya Baba yana dattijon ikilisiya, na ɗauka layi maza za su yi. Kafinta kaɗai ya zo, Allah ya saka masa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ruwa ya huce sau biyu. Kafinta bai zo ba. Matarsa ta ce ya samu aikin rufin gida a wani gari. Jiya na ji shi yana kakarin amai a bayan gida, don haka ban tambaye ta wane gari ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban je sujada ba. Kwana biyu yana kwance cikin abin da yake kwance a ciki, ba zan iya rera waƙa da wannan a raina ba.

Na shiga da baho da soso. Na goge masa fuska, wuya, ƙirji, bai hana ba. Da na kai hannu ga zanen da ke ƙugunsa sai ya damƙe min wuyan hannu. Har yanzu ga shatin yatsunsa.

"Baba, ni ce fa. Wanka zan yi maka."

"A'a."

"To wa zai yi? Gwaggo ba ta iya sunkuyawa."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito. "La'ana," ya ce. Sai ya saki hannuna ya nuna cikina da yatsa.

Ban buƙaci bayani ba. Wa'azin da ya fi so ke nan tun muna yara: uban nan da ya kwanta cikin alfarwarsa ba sutura, ɗansa ɗaya ya shiga ya gani, sauran biyun suka ɗora mayafi a kafaɗa suka shiga da baya da baya suka rufe shi. Kuma Baba bai taɓa rufe labarin ba sai ya ɗaga yatsa ya ce jama'a su lura, la'anar ba a kan wanda ya gani ta sauka ba, a kan ɗan wanda ya gani ta sauka.

Cikina wata biyar. Shekara tara ina jira, biyu sun zube. Na ɗauki bahona na fita.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gwaggo ce ta kawo dabara. Ta ce ai ido aka hana, ba a hana hannu ba. Na haɗa zanen gado biyu a keke, na yi babban mayafi mai kauri, na kalmashe bakinsa don kada ya zame. Gwaggo ta zauna a kujera ta riƙe gefe ɗaya, Baba ya riƙe ɗaya da hannun damansa. Ni na durƙusa, na juya fuskata ga bango, na cusa hannu ta ƙarƙashi ina laluben abin da zan wanke.

Ya yarda. Har ya lumshe ido da ruwan ɗumi ya taɓa shi. Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? An rabu lafiya, ba wanda ya saɓa wa Allah." Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Akwai wata tsaga a bangon nan da ta taso daga kusurwa ta nufi taga. Tun ina yarinya nake shiga ɗakin, sai yau na lura da ita.

Alhamis, 13 ga wata, bayan abincin rana

Yaya ya kira. Ya ce yaya jikin Baba, na ce da sauƙi, don abin da yake so ya ji ke nan. Na ce masa ana buƙatar namiji a gidan nan. Ya ce, "Auta, ke ma kin san yadda muke da shi. Ina shiga ɗakin zai juya min ƙeya." Na ce ai ko ƙeyar ma yanzu sai an juya masa. Ya yi dariya, ya ce bakina bai mutu ba. Ban yi don a yi dariya ba.

Juyin ma wahala ne. Yana da nauyi, ni kuma an hana ni ɗaukar nauyi. Awa biyu ta koma huɗu, huɗu ta koma safe da yamma.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

An yi wanka. Na wanke hannuna sau huɗu.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma

Na buɗe tagogi duka. Na shanya katifa, na canza ledar, na wanke ƙasa da maganin wanke banɗaki. Duk da haka warin yana nan. Gwaggo ta ce ƙila ɓera ne ya mutu a silin. Na ce ƙila.

Mata biyu daga coci sun zo da lemo. Sun tsaya a bakin ƙofa suka yi addu'a, ɗaya tana toshe hanci da gefen ɗankwalinta kamar mura take yi. Da za su tafi ta ja ni gefe ta ce ta ji labarin mayafin, kowa yana yaba tarbiyyar gidanmu. Ta ce 'yan matan yanzu su zo su koyi kunya a wurina. Na ce mata na gode.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Fasto ya zo. Matashi ne, Baba ne ya koya masa karatu a makarantar Lahadi, har yau in ya shigo gidan nan sai ya rusuna. Ni na roƙe shi ya yi wa Baba magana.

Ya yi ƙoƙari, gaskiya. Ya ce Allah da kansa ya yi jikin mutum, ya duba ya ce ya yi kyau. Ya ce kunya daga baya ta shigo, tare da zunubi, kuma Allah bai tsine wa masu kunyar ba, sutura ya ɗinka musu. Ya ce ɗan nan na cikin labarin ba don ya gani aka hukunta ba, don ya fita ya yi tallar ubansa ne. Ya ce jinya ba raini ba ce. Ya ce Ubangijinmu ma an tuɓe shi a kan gicciye, mahaifiyarsa tana tsaye a wurin.

Baba ya saurare shi har ƙarshe, idonsa a silin. Sannan ya ce, "Ni ba Ubangiji ba ne."

Fasto ya buɗe baki zai ƙara, Baba ya ɗaga hannu. "Yaro," ya ce, ya rufe ido.

Na raka shi ƙofa. Na ce, "Fasto, tunda duk ka san wannan, ka zo gobe da safe ka yi masa mana." Ya gyara kwalar rigarsa. Ya ce gobe akwai taron dattawa, amma zai yi sanarwa ranar Lahadi don maza su ba da kansu. Na ce Allah ya kai mu. Raina ya ɓaci sosai, na kuma ji tausayinsa, don na ga hancinsa ya gane abin da muke ta cewa ɓera ne.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Wata ta kawo ɗinki har gida. Ina gwada tsawon siket ɗinta sai abin ya dawo min. Ina da shekara goma sha biyar, ina cikin mawaƙa, Baba yana tsaye a ƙofar coci da rula ta katako yana auna siket ɗin 'yan mata daga gwiwa. Nawa ya gaza da yatsa biyu, don na yi tsawo a shekarar, ba don na yanke ba. Ya mayar da ni gida a gaban kowa. Ya ce jikin mace amana ne, wadda ta bar shi a buɗe ta zama tuntuɓe ga ɗan'uwanta. Wata uku ina wanka da ɗan kamfai a jikina, ni kaɗai a banɗaki, ƙofa a kulle.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Ba fansa nake ɗauka ba. Allah ya sani ba fansa ba ce.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Ya ƙi shayi. Bango, soso, bango.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi sanarwa. Mutum ɗaya ya zo bayan sujada, da kankana.

Jikin Baba zafi rau. Yana rawar sanyi, ya kira ni da sunan mahaifiyarmu, wadda ta rasu shekara shida ke nan. Na ba shi maganin zazzaɓi. Gwaggo ta ce sauro ne. Akwai nas a layinmu, mai zuwa gida yin allura. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Nas ta zo. Tun daga falo ta tsaya ta dube ni. Ba ta tambayi komai ba, ta sa safar hannu ta shiga.

Baba ya riƙe mayafin. Ta ce, "Baba, ni ba 'yarka ba ce, aikina nake yi," ta zare shi daga hannunsa kamar yadda ake ƙwace wuƙa a hannun ƙaramin yaro. Ni kuma na juya fuskata ga bango, don wuyana ya riga ya saba. Na ji ta juya shi. Na ji ta tsaya cak.

"Wa ke yi masa wanka?"

"Ni ce."

"Da ido a rufe kike yi?"

Gwaggo ta fara yi mata bayanin mayafi da labarin alfarwa. Nas ta katse ta. Ta ce ita ma Kirista ce, ita ma ta san labarin, amma ba ta taɓa jin inda aka ce a bar uba ya ruɓe don kunya ba. Ta wanke mu tas. Sannan ta ce da ni, "Juyo."

Ban motsa ba.

"Juyo ki gani. Ni sau biyu a mako zan iya zuwa. Wannan safe da yamma ake wanke shi, kuma ba a wanke shi da lalube. In ba za ki duba ba, ki faɗa min yanzu in san gawa nake yi wa allura."

Na dafe cikina da hannu biyu na juyo.

Gyambo ne a ƙasan kwankwaso, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Gefen baƙi ne, tsakiyar rami, cike da mugunya, can ciki kuma akwai wani fari da nas ta ce kada in taɓa. Sauran jikin kuwa jikin tsoho ne kawai, fata da ƙashi, cinyoyi sun zama kamar hannuna. Abin da aka yi ta ɓoye min ke nan.

Idon Baba biyu. Yana kallona ta gefen kafaɗarsa.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na yi shi ni kaɗai, yadda ta koya min: ruwan gishiri, auduga, daga tsakiya zuwa gefe, a jefar, a ɗauki sabuwa. Gwaggo ta ƙi shiga. Ta ce ita ba ruwanta, ba da hannunta ba.

Bai yi kokawa ba, ba shi da ƙarfin. Kuka ya yi, ta ido ɗaya, don na hagun ba ya zubar da hawaye. Na ɗauka zagina zai yi, na ma shirya. Ashe addu'a yake yi. Na sunkuya na ji. "A kaina," yake cewa. "Ba kan jaririn ba. A kaina."

Na gama, na naɗe, na rufe shi, na fita bayan gida na zauna a kan bokiti. Da ya tsine min da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Tun jiya da safe cikin bai motsa ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefen hagu kamar yadda aka ce. Shiru. Na ce ban yarda da la'anar nan ba, na faɗa da ƙarfi a cikin ɗaki. Na san kuma ƙarya nake yi, rabin zuciyata ta yarda. Shi ya koya min Allah, ba ni da wani Allahn da ban ji daga bakinsa ba.

Alhamis, ƙarfe shida saura

Ya motsa. Sau biyu, da ƙarfi. Ban faɗa wa kowa ba, don ban faɗa wa kowa ya daina ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun kai shi asibiti. Likita ya yanke mataccen naman, ya rubuta allurai, ya ce babu gado, mu koma gida nas ta ci gaba. A baranda ya ce min ciwon ya shiga jini. Ya ce irin wannan, in aka gan shi tun yana ja, juyi da man shafawa kawai yake so. Ya tambaye ni yaushe ya fara. Na ce ranar Talata muka gani.

Na kira Yaya na faɗa masa ba da sauƙi ba ne. Ya ce zai nemi izini.

Talata, 1 ga sabon wata, da rana

Kwana shida bai ce min uffan ba. Yana amsa wa Gwaggo, yana amsa wa nas. Ni in na shiga sai ya rufe ido har in gama. Yanzu shi ke kallon bango.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe tara

Auduga ta ƙare. Na yayyanka farin yadi na dafa shi.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Zazzaɓin ya sauka yau, idonsa ya washe. Nas ta riga ta faɗa min kada in yi murna in na ga haka.

Na shiga da baho. Kafin in kai hannu sai ya kama zanen da hannun damansa ya ja shi gefe da kansa. Bai rufe ido ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yana motsi?"

"Yana yi. Har ya hana ni sakat."

Na kama hannunsa na ɗora a cikina. Muka jira. Ɗan banzan nan ya ƙi motsawa, kamar ya san ana jiransa. Baba ya bar hannun a wurin duk da haka, har ya yi nauyi. Sannan ya ce ruwan ya yi zafi. Na surka. Na wanke shi duka, daga kai har tafin ƙafa, a hankali, ina ganin abin da nake yi. Akwai tabon ƙuna a cinyarsa da ban taɓa sanin yana da shi ba. Na tambaye shi, ya ce fitila ce, yana yaro.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Baba ya tafi.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gida ya cika. Maza har a kan titi, an kawo bencuna daga coci. Ban san muna da maza da yawa haka ba.

Yaya ya iso da safe. Shi da dattawa uku suka shiga shirya gawar. Na biyo su da ruwa, ɗaya daga cikinsu ya tare ƙofa ya ce, "'Yata, nan ba wurin mace ba ne. A bar wa dattijo mutuncinsa." Na miƙa masa bokitin. Na ce su yi a hankali in za su juya shi, bandejin yana mannewa. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya rufe ƙofa.

Ba a yi minti goma ba Yaya ya fito. Ya wuce kowa, ya same ni a kicin, ya jingina da bango. Fuskarsa ta yi toka-toka, gaban rigarsa a jiƙe.

"Auta, abin nan da ke bayansa. Tun yaushe?"

Na ce ranar Talatar da nas ta zo muka gani. Na faɗa masa yadda Baba ya hana, da yadda muka yi da mayafi. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san halinsa. Ya ce ba laifina ba ne, ta yaya zan san abin da ban gani ba. Ya dafa kafaɗata ya koma ciki.

Abin da na faɗa wa likita ke nan, shi na faɗa wa Fasto, shi zan faɗa wa maigidana in ya dawo. Ba ƙarya ba ce, ranar Talata na gani.

Amma ranar Juma'a, goma sha huɗu ga watan da ya wuce, yatsuna sun taɓa wurin a ƙarƙashin zane. Fatar ta saɓule, da danshi, faɗinta bai fi kan babban yatsa ba. Baba ya zabura. Na san ko mene ne, likita ya riga ya faɗa min abin da zan nema. Na tuna da cikina, na janye hannu na wanke wani wurin. Washegari ma na kauce masa, da jibi, da duk ranakun da suka biyo. Kwana goma sha ɗaya ina zagaye shi da soso, ina jin yana faɗi.